Baffa, Ma'aji da Gardamar Sababbin Kuɗi

Ranar farko ta zaman makokin Baffa ta tafi yadda aka saba. An kai shi makwancinsa bayan azahar, aka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, kowa ya sunkuyar da kai. Mai zuwa ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri?" mu ce, "Da godiya," a shafa fatiha, ya tashi wani ya maye gurbinsa. Ba ka jin komai sai ƙarar carbi da tarin tsofaffi.

A rana ta biyu ne abin ya ɓalle. Wani manomin tattasai daga ƙauyukan ƙetaren rafi, can wajen Burumburum, ya gama addu'a, maimakon ya tashi sai ya gyara zama ya ce, "Allah ya jiƙan Baffa. Shi ne ya ce mana gadar nan za ta sauko da farashi, kuma wallahi ta sauko da shi."

Wani mai sayar da shinkafa da ke gefe ya ɗago kai. "Ta sauko da wanne? Je ka tambayi kuɗin taki ka dawo ka faɗa mana."

"Ai ba gada ce ta tayar da taki ba!"

"Kuɗin da aka buga aka yi gadar fa? Su suka tayar da shi!"

Nan take tabarma ta rabu gida biyu. Direbobin da suka zo gaisuwa daga Doguwa suka bi bayan mai tattasai, 'yan kasuwa suka bi bayan mai shinkafa, wani dattijon Bafulatani ya miƙe tsaye yana buga sanda a ƙasa yana neman a ba shi dama. Liman ya tafa hannu ya ce, "Haba jama'a! Makoki fa muke." Aka yi tsit, kowa kunya ta kama shi. Can sai shi Liman ɗin ya yi gyaran murya ya ce, "Amma dai tsakani da Allah, a shekarar siminti ya yi tashin da ban taɓa gani ba."

Dariya ta ƙwace wa kowa, har da mu masu karɓar gaisuwa. Na tashi na shiga cikin gida don in ba Inna, matar Baffa, haƙuri a kan wannan hayaniya. Na same ta cikin mata, idanunta sun kumbura, amma tana murmushi. Ta ce, "Ka ƙyale su. Shekara arba'in ban taɓa jin shiru a ƙofar gidan nan ba. Jiya da na ji shirun, a lokacin na tabbata malam ya tafi."

Shi ya sa na ɗauki biro. Ina tsoron a wayi gari a riƙa tuna shi a matsayin wani tsoho mai son surutu kawai, a manta abin da yake surutun a kai.

Baffa yayan mahaifina ne. Ma'auni ne a layin hatsi na kasuwar Tudun Wada tun kafin a haife ni. Karatunsa allo ne, sai ɗan yaƙi da jahilci da ya leƙa yana babba. Amma rediyonsa kullum tana rataye a jikin dirkar rumfa, kuma ba waƙa yake jira ba, labarin kuɗi yake jira. In sabuwar takarda ta faɗo hannunsa sai ya ɗaga ta sama, ya shinshina ta, ya ce wa mai ita, "Wannan jiya-jiya ta fito. Ko me aka yi da ita kafin ta iso gare ka?" Yana awo yana magana, hannu na aiki baki na aiki. In ya cika kwano sai ya yi masa tsororuwa, ya kuma ɗebo gyara da tafin hannu ya watsa a buhu ba tare da ya duba ba, don hankalinsa na kan wanda yake ƙoƙarin kayarwa a gardama.

Ni ne na fara tsokano shi da maganar, ba da niyya ba. Na gama karatu, an ba ni koyarwa a wata sakandare a Kiru, darasin tattalin arziki, kaina cike da littafi. Wata ranar kasuwa ya tambaye ni, tunda gwamnati ce ke da injin buga kuɗi, me zai hana ta buga ta yi mana hanya? Na gyara wuyan riga na ce, "Baffa, ai doka ce sananniya. In kuɗi suka yi yawa, kaya kuma suna nan yadda suke, farashi tashi yake yi."

Ya ajiye kwano. "Sake faɗa."

Na sake.

"Kaya suna nan yadda suke, ka ce. To wa ya ɗaure su ya ce kada su ƙaru?"

Bai ma jira amsa ba. Ya bar rumfa a hannun maƙwabci, ya ce in ɗauko babur. Tsakiyar damina ce, muka yi ta kutsawa cikin taɓo har bakin rafin da ya raba mu da ƙauyukan ƙetare. Rafin ya cika ya batse. A ɗaya gaɓar ga kwandunan tattasai da tumatir jere, ga buhunan sabuwar masara, masu su zaune a kai sun zuba tagumi. Warin ruɓa yana tsallako ruwan ya iske mu. A gaɓarmu kuma majiya ƙarfi ne zaune a gindin mangwaro, suna dara, ba aikin yi.

Ya nuna can, ya nuna nan. "Ga kaya suna ruɓewa. Ga hannuwa suna zaman banza. Ga dutse, ga yashi, Allah ya zuba mana kyauta. Abu ɗaya ya rage, takarda. Ka ce kada a buga takardar don kada kaya su yi tsada? Ai ga tsadar nan tana wari a gabanka, ɗana!"

Yana faɗa yana dariya, babbar rigarsa duk laka. Ban taɓa ganin mutum yana murna da tunani irin yadda Baffa ke yi ba. In wata dabara ta faɗo masa, sai ka ga kamar an yi masa albishir da haihuwa.

Abokin gardamarsa na haƙiƙa kuwa Kawu ne, ƙanin Inna. Ya yi aiki a baitulmali har ya yi ritaya, shi ya sa Baffa ba ya kiransa da komai sai Ma'aji. Da yake ƙanin mata ne akwai wasa tsakaninsu, kuma da wasan suke fakewa su faɗa wa juna abin da wani ba zai iya ba. Kawu mutum ne siriri, mai magana a hankali, yana goge tabarau kafin ya ba da amsa. Matsayinsa ɗaya ne bai taɓa gusawa ba.

"Yaya," yakan ce, "na riƙe kwabo yana sayen abin karin kumallo. Na kuma ga ranar da yara ke wasa da shi a rairayi. Ba ɓarawo ne ya sace darajarsa ba, injin nan da kake yabo ne. Duk wanda ya kunna shi cewa yake don aiki ne. Kashewar ce ba a iyawa."

"Ma'aji, kai tsoron kuɗi kake ji saboda ka daɗe kana gadin na mutane!"

"Kai kuma ba ka jin tsoronsu saboda ba fansho kake ci ba."

Haka suke tun daga la'asar har kiran magariba, mutane na taruwa kamar ana dambe.

Sai ga shekarar da rediyo ta ce gwamnati za ta karɓi sababbin kuɗi daga babban banki ta zuba a hanyoyi da gadoji. Ba a daɗe ba aka ga masu awon ƙasa a bakin rafin nan suna kafa turaku. Ranar da labari ya iso kasuwa, Baffa ya fito daga rumfa da takalmi ƙafa ɗaya. Ya bi layin hatsi yana rabon goro, ya wuce layin 'yan kaji, ya miƙe har ƙofar gidan Kawu yana kira tun daga nesa, "Ma'aji! Ma'aji! Fito ka ga ranar da nake faɗa maka!" Kawu ya leƙo ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Na gani. Ina ɗaya takalmin?"

Aiki ya kankama. Masu dara a gindin mangwaro suka zama leburori da birkiloli. Mata suka kafa tukwanen shinkafa da wake a bakin rafi. Teloli suka sami ɗinki, mahauta suka ƙara yanka. Kullum Baffa sai ya je ya tsaya yana kallon yadda ake ɗaure rodi, yana ba injiniya shawarar da ba a tambaye shi ba.

Amma abin da Kawu ke tsoro shi ma bai tsaya ba. Siminti ya fara tashi. Taki ya bi. Sabulu, man girki, kuɗin mota, kowanne ya ɗaga. Daga nan sai hatsi. Manyan 'yan kasuwa suka rufe sito, suna jiran ya ƙara hawa.

Baffa na da sito ɗaya cike da masarar da ya saya da kaka, duk jarinsa ke nan. Inna ta ce ya riƙe. Kawu ya zo takanas ya ce ya riƙe. Ya ce ina! Gada za ta ƙare kafin ruwa ya sauka, masarar ƙetare za ta kwararo, masu ɓoyo za su yi kuka. Ya buɗe sito ya riƙa aunar wa masu cefanen gida, kwano biyu, kwano uku, a farashin da bai kai na kasuwa ba. In ɗan kasuwa ya zo neman buhu sai ya ce, "Ba na sayar wa sito, baki nake sayar wa." Layi ya riƙa kaiwa har bakin titi.

Gada ba ta ƙare ba. Tsadar siminti ta fi ƙarfin ɗan kwangila, aiki ya tsaya a rabi, ruwa ya sauka ya tarar da ginshiƙai tsirara a tsakiyar rafi. Masara ta yi tashin da ba a zata ba. Siton Baffa ya zama wayam, abin da ya tara kuma ba zai sake cika ko rabinsa ba. Mutumin da ya yaye ma'auna da yawa a kasuwar nan ya koma auna hatsin wasu ana ba shi la'ada.

A lokacin ne suka yi faɗan da ba wasa a ciki. A bainar jama'a Kawu ya ce, "To Yaya, ga sababbin kuɗinka. Sun cinye fanshona, sun cinye jarinka, ka sa yayata tana tuƙa tuwo da lissafi a tsufanta. Yanzu sai ka je ka ci ginshiƙi."

Baffa ya naɗe buhun da yake zaune a kai ya tafi gida. Wata da watanni ba abin da ke haɗa su sai sallama a masallaci. Kasuwa ta yi sanyi, har masu shayi suna ƙorafi.

Abin da ban sani ba sai daga baya, a cikin watannin nan Baffa ya ji cewa gidan Kawu sau ɗaya ake ɗora tukunya. Duk ranar kasuwa sai ya auno daga ɗan abin da ya samu ya ba Inna ya ce, "Kai wa ƙaninki. Ki ce daga gare ki ne. In kika ambace ni ban yafe ba." Inna ta ce ranar farko da ta juye a gaban Kawu, ya dubi yawan hatsin ya ce, "Kwano nawa ne wannan?" Ta faɗa. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, sannan ya ce, "Mutum ɗaya ne ke awo haka a garin nan." Bai mayar ba, bai kuma aika godiya ba. Su biyun duk taurin kai ne da su.

Asarar ba ta kashe masa son sani ba, ƙara rura shi ta yi. Wata rana ina ɗakin malamai a Kiru sai ga shi ya faɗo, ya hau mota tun daga Tudun Wada don tambaya ɗaya. Ko zama bai yi ba ya ce, "Malam, siminti na gane, gada ce ta sha shi. Hatsi na gane, leburori sun sami abin saye, masu ɓoyo sun ɓoye. To taki fa? Wa ya zuba taki a gada?"

Na yi masa bayani iyakar sanina: yawancin kayan haɗa takin daga waje ake sayo su da kuɗin waje, in namu suka yi yawa a hannu ana rububin na wajen, sai namu su faɗi, duk abin da ya tsallako teku ya yi tsada. Na ƙara da cewa ba lalle buga kuɗi kaɗai ba ne, akwai tsadar mai, akwai rashin tsaro da ya hana wasu noma.

Sai ya buga cinya har malaman da ke wurin suka firgita. "Na gano! Kuɗin ba sa jira a gama gadar! Su da gudu suke tafiya, ita da rarrafe. Kafin ta iso sun riga sun zaga kasuwa sau goma!" Fuskarsa ta washe kamar ba shi ne ya rasa jari ba. Daga ranar maganarsa ta canza. In an tambaye shi sai ya ce, "A buga, amma da sharaɗi. Nawa za a buga? Me za a yi da su? Kayan aikin namu ne ko na waje? Yaushe za a gama? Kuma ta hannun wa za su bi?" Shugaban makarantarmu ya roƙe shi ya shiga aji ya maimaita. Ya shiga, ya yi awa guda yana zane a allo da alli kamar ya shekara yana yi, ɗalibai na tafi. Har yau in na zo wannan darasi, sai na gama na littafi sannan in ce, ga kuma na Baffa.

A shekarar da ta biyo baya aka dawo aka ƙarasa gadar. Ranar da motar farko za ta tsallako da kaya, an nemi Baffa a cikin masu kallo an rasa. Can sai ga shi a saman lodi, dattijo mai furfura zaune daram a kan buhuna, hula a hannu yana kaɗawa, yana ihu, "A ba da hanya! A ba da hanya!" Mata suka rangaɗa guɗa. Inna ta rufe fuska da mayafi ta ce ita ba ta san shi ba.

Daminar nan tattasai da tumatir suka cika kasuwa har ana roƙon mai saye. Sabuwar masarar ƙetare ta iso da wuri ta karya farashi. Baffa ya sayi kwando guda na tumatir, ya ɗora a ka da kansa, ya ratsa gari har zauren Kawu, ya dire shi a gabansa.

"Ma'aji. Tambaye ni nawa."

Kawu ya dubi kwandon. Ya tashi ya shiga gida, ya fito da sabulu guda ɗaya, ya ɗora a kan tumatirin.

"Yaya. Kai ma tambaye ni nawa."

Suka tsaya suna kallon juna. Baffa ne ya fara fashewa da dariya, Kawu ya bi, har sai da suka dafa bango. Ba wanda ya ba wani haƙuri. Washegari da la'asar aka gan su a rumfa sun ɗora daga inda suka tsaya, kasuwa ta dawo hayyacinta.

Matan da suka yi layi a sitonsa a waccan shekara ba su manta ba. Da ya kwanta ciwo, kwanukan kunu da fura sun yi ta shigowa daga gidajen da ba mu ma san su ba. Sai dai ba ya iya sha. Ya rame, muryarsa ta koma can ƙasa, rediyon ma ya ce a kashe. Wannan ne ya fi tayar mana da hankali.

Kwana biyu kafin rasuwarsa, da hantsi, Kawu ya zo. Ina zaune a bakin gado. Ya daɗe yana riƙe da hannun Baffa, sannan ya ce a hankali, "Yaya, na yi tunani. Kai ne da gaskiya. Gadar nan ta yi amfani. Da ma can kai ne da gaskiya."

Baffa ya buɗe ido. Ya yi mini alama in tashe shi zaune. Na jingina shi da filo, ya tattaro ɗan ƙarfin da ya rage masa ya ce, "Ma'aji, kada ka kuskura. Kada ka yarda da ni don ka gan ni a kwance. In kana da hujja kawo ta."

Kawu ya share ido da hannun riga. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce, "To shi ke nan. Gada ɗaya ka gani. Sauran kuɗin da aka buga tare da nata, ina suka shiga?"

"Yauwa! Yanzu ka yi magana!"

Suka fara. Muryar Baffa ta riƙa ɗagawa har ana jiyowa a tsakar gida. Inna ta leƙo, ta koma da sauri ta ɗauko kunu, ta miƙa masa. Ya karɓa yana magana, yana kurɓa yana nuna Kawu da ludayi, bai ankara ba ya shanye kwanon tas. Har aka kira azahar ba su gama ba. Da Kawu ya tashi tafiya, Baffa ya ce masa, "Ka je ka sake shiri. Wannan ta yau ba ta da ƙarfi."

Kawu ya ce, "Zan dawo da wadda ta fi ta."

Ya dawo ɗin, da takarda a aljihu ya rubuto hujjojinsa. Ya tarar muna yi wa gawar Baffa wanka.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Yadda ya cika wa bayinka awo a shekarar da kowa ke tauyewa, ya Allah ka cika masa nasa, ka ƙara masa da gyara. Amin.